Usman Nagogo: ɗan sarkin da ya fara da shugabancin ƴan doka a birnin Katsina

Idan aka ambaci Usman Nagogo a yau, mafi yawan jama'a sarauta suke tunawa da ita, ko dawaki da wasan folo. Ya yi shekara 37 yana Sarkin Katsina, daga 1944 zuwa 1981, kuma har yanzu ana ganin hotonsa cikin rawani a gidaje da dama, har a nan ɓangarenmu na iyaka. Amma kafin gadon sarauta ya yi shekara takwas yana shugabancin ƴan dokan Katsina, a lokacin da manyan gari ba sa son ƴaƴansu su kusanci wannan aiki. Waɗannan shekaru takwas sun cancanci a waiwaye su, domin a cikinsu ne aka gwada wani tsari na tsaron gari wanda ake ta gardama a kansa har yanzu, a Najeriya da ma Nijar.

Gidan da aka haife shi

An haifi Usman a Katsina a shekarar 1905, shekara biyu bayan Turawan Ingila sun shiga birnin ƙarƙashin Lugard. Mahaifinsa Muhammadu Dikko bai zama sarki ba tukuna. Yana riƙe da sarautar Durɓi, kuma shi Basulluɓe ne, alhali sarautar Katsina tun zamanin jihadi tana hannun Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje. Turawa sun sauke Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, sannan a 1906 suka sauke shi shi ma, suka ɗora Dikko. Jami'in Ingila da ya tsaya wa Dikko a wannan al'amari shi ne Palmer, wanda daga baya ya zama babban jami'in mulkin Arewa gaba ɗaya.

Mutanen Damagaram sun san shekarar 1906 sosai. A cikinta ne Faransawa suka zargi Sarki Amadu Ɗan Bassa da shirya makirci, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa, suka miƙa ragamar gari ga Bellama. Ba a maido da sarautar Damagaram ba sai 1923, da Barma Mustafa. Ke nan a shekara guda Turawa biyu sun taɓa manyan gidajen sarauta biyu maƙwabta, amma kowa da irin tasa dabarar. Faransawa sun rage wa sarauta ƙarfi suka riƙe iko a hannun kumandan. Ingilishi kuwa sun canza gidan da ke sarauta, sannan suka ƙara wa sabon sarkin ƙarfi don ya yi musu aiki. Duk rayuwar Usman Nagogo ta ginu ne a kan wannan zaɓi na biyu.

Dikko ya san cewa akwai waɗanda ke kallonsa a matsayin wanda Bature ya naɗa. Hanyar da ya bi don kafa gidansa ita ce rungumar sababbin abubuwa da sanya ƴaƴansa a cikinsu. A zamaninsa ne aka kafa baitulmalin gargajiya a Katsina, aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. A 1921 ya tafi aikin hajji ta hanyar Ingila, inda ya gana da Sarki George na biyar. Usman, wanda ya yi karatun allo sannan ya shiga makarantar boko ta lardi, yana cikin waɗanda suka raka shi. Yaro ɗan shekara 16 ya ga Landan ya ga Makka a tafiya ɗaya, abin da kaɗan ne daga cikin sa'o'insa a ƙasar Hausa suka samu a wancan zamani.

Daga dogarai zuwa ƴan doka

Kafin zuwan Turawa, tsaron gari a masarautun Hausa aikin dogarai ne. Su ke tsaron sarki, su ke kamo mai laifi, su ke kai shi gidan yari, su ke zartar da hukunci. Da yawansu bayin sarki ne ko ƴaƴan bayin sarki, kuma amincinsu ga sarki ne kai tsaye. Da Ingilishi suka kafa mulkinsu ta hannun sarakuna, sun bar dogarai a kan aikinsu, aka riƙa biyan su albashi daga baitulmali. Wannan ya yi wa Turawa arha, domin ba su da isassun mutane da za su tsare ƙasa mai faɗin Arewacin Najeriya.

Zuwa shekarun 1920 tsarin ya fara gazawa. Garuruwa sun cika da baƙi saboda cinikin gyaɗa da auduga, motoci sun fara shigowa, kotunan alƙalai sun fara aiki da takarda, ga kuma koke-koke a kan dogarai cewa suna ƙwace da duka. A Kano aka fara kafa wata sabuwar runduna ta masu gadin birni a tsakiyar shekarun 1920, daga nan tsarin ya bazu. Aka raba aikin gida biyu. Dogarai suka tsaya a fada da jajayen rigunansu, su ne masu rakiyar sarki. Sabuwar rundunar kuma, wadda aka sani da ƴan doka, ta ɗauki aikin gari, da tufafi iri ɗaya, da fareti, da rajistar laifuffuka.

Sai dai akwai matsala guda da tufafi ba za su warware ba. Aikin kama mutane, a idon jama'a, aikin bayi ne. Ɗan malami ko ɗan attajiri ba zai shiga ba, kuma hakimi ko babban ɗan kasuwa ba zai saurari ɗan doka ba idan ya zo masa da sammaci. Maganin da aka samo shi ne a ɗora ɗan sarki a kan rundunar. Idan shugaban ƴan doka jinin sarauta ne, to wanda ya raina ɗan doka ya raina fada, kuma iyaye za su rage ƙyamar aikin. A kan haka ne a 1929 aka naɗa Usman Nagogo shugaban ƴan dokan Katsina, muƙamin da a masarautun Arewa aka sani da Wakilin Doka. Yana da shekara 24.

Shekara takwas a bakin aiki

Ya kama aiki a mummunan lokaci. A 1929 ne kasuwannin duniya suka rushe, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi ƙasa warwas, amma haraji bai sauka daidai da faɗuwar farashin ba. Manomi da ya saba sayar da amfanin gona ya biya haraji sai ya ga kuɗin bai kai ba. A irin wannan yanayi aikin ɗan doka ya fi kowane lokaci nauyi, domin shi ke tsaron baitulmali, shi ke raka kuɗin haraji daga gundumomi zuwa birni, shi ke kai sammacin alƙali, shi ke sintiri a kasuwa da ƙofofin gari irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa.

Ga kuma iyaka. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne tun lokacin da sarakunan Haɓe na Katsina suka bar birnin bayan jihadi, suka fake a Damagaram kafin su kafa Maraɗi. A zamanin mulkin mallaka mutane da yawa daga ƙasar Faransa sun riƙa tsallakawa kudu don gudun aikin tilas da harajin kai da ɗaukar soja. Fatake na bi da kaya, ɓarayin dabbobi su ma na amfani da iyakar don ɓuya. Duk wanda ke riƙe da tsaron Katsina dole idonsa ya kasance a kan hanyar Jibiya.

A zamanin Nagogo rundunar ta ƙaru da mutane, aka kuma yi mata sababbin gine-gine. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga rundunar da ta samo asali daga zauren fada. Ofishi na nufin wurin da talaka zai je ya kai ƙara ba tare da ya bi ta hannun wani bafade ba, yana kuma nufin littafi da ake rubuta wanda aka kama da dalilin kama shi. Nagogo ya iya Turanci, ya san Turawa tun yana yaro, don haka yana iya magana da Razdan da Di'o kai tsaye ba tare da tafinta ba, sannan da yamma ya shiga wurin mahaifinsa ya faɗa masa abin da ke gudana a gari. Wannan matsayi na tsakiya shi ne ainihin ƙarfinsa.

Ikon nasa yana da iyaka. Ƴan doka ba sa ɗaukar bindiga a aikinsu na yau da kullum, sanda ce makaminsu. Ba su da hurumi a kan Bature. Akwai wata rundunar daban, ta ƴan sandan gwamnati, wadda aka haɗe ta Kudu da ta Arewa a 1930 ta zama rundunar ƴan sandan Najeriya, kuma ita ke kula da unguwannin Turawa da hanyar jirgin ƙasa da manyan al'amuran da suka shafi gwamnatin mulkin mallaka. Ƴan doka na En'e ne, wato hukumar gargajiya, kuma mutanen da suke da iko a kansu su ne talakawan sarki.

A nan ne bambanci da ƙasarmu yake fitowa fili. A Damagaram, a garuruwa irin su Droum da Mirya da Magarya, wanda tsofaffi suke tunawa da tsoro shi ne gardi sarki, mai tsaron da ke karɓar umarni daga kumandan Bafaranshe, wanda sau da yawa tsohon soja ne kuma ba lallai ɗan yankin ba. A ƙarƙashin dokar da Faransawa suka keɓe wa ƴan ƙasa, kumandan na iya ɗaure mutum na wasu kwanaki ko ya ci shi tara ba tare da shari'a ba, har zuwa 1946 da aka soke wannan doka tare da aikin tilas. A Katsina kuwa wanda ya zo kama ka ɗan garinku ne, yana jin harshenka, ya san gidanku, kuma shugabansa ɗan sarkinka ne. Wannan kusanci yana iya zama rahama, domin dattawan unguwa na iya sa baki a sasanta. Yana kuma iya zama azaba, domin idan fada ce ke fushi da kai, babu inda za ka kai kuka: mai kamu da mai shari'a da mai gidan yari duk ƙarƙashin hukuma ɗaya suke.

Hanyar zuwa gadon sarauta

A 1937 aka naɗa Nagogo Magajin Gari, wato hakimin birnin Katsina da kewaye. Wanda ya yi shekara takwas yana sanin kowane lungu na gari ta fuskar tsaro yanzu ya zama mai kula da harajinsa da unguwanninsa da masu unguwanninsa. Katsina ta riga ta zama lardi mai zaman kansa tun 1934, haɗe da Daura, don haka birnin ya ƙara nauyi a idon gwamnati. Da Dikko ya rasu a farkon 1944, ba a sha wahalar sanin magajinsa ba. Gwamnan Najeriya Arthur Richards ya ba Usman Nagogo sandar sarauta a watan Mayu na wannan shekara.

Ba shi kaɗai ne ya bi wannan hanya ba. A Kano, Ado Bayero ya zama Wakilin Doka a 1957, ya tafi jakadanci Senegal, sannan ya zama sarki a 1963. Aikin da aka ɗora wa ƴaƴan sarki don a wanke shi daga raini ya koma makarantar koyon mulki, kuma tsani na hawa gadon sarauta.

Ana cikin yaƙin duniya na biyu, Nagogo ya yi tafiya zuwa Indiya da Bama don ya gana da sojojin Afirka ta Yamma da ke yaƙi da Japan a ƙarƙashin tutar Ingila. Dubban waɗannan sojoji Hausawa ne, kuma Hausa ce harshen da ake magana da shi a yawancin bataliyoyin Najeriya. Ingilishi sun san darajar a ce sarki daga gida ya zo har daji ya gaishe su. A 1952, da aka kafa majalisar ministoci ta tsakiya a Legas, yana cikin mutum huɗu da suka wakilci Arewa, tare da Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Shettima Kashim, shi a matsayin minista marar ma'aikata. Ya kuma zauna a Majalisar Sarakuna ta Kaduna, Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir.

Game da dawaki, gado ya yi. Mahaifinsa ne ya kawo wasan folo Katsina, shi kuma ya zama gwanin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Ya kai matakin ƙwarewa na 7 a ma'aunin wasan, wanda ƙololuwarsa 10 ce, ya kuma shugabanci ƙungiyar folo ta Najeriya har ƙarshen rayuwarsa. A filin folo ne hafsoshin Ingila da ƴaƴan sarauta suke haɗuwa a matsayin abokan wasa, kuma hulɗa da yawa ta mulki a can take ƙulluwa.

Lokacin da siyasa ta shigo

Jarrabawar gaske ga tsarin ƴan doka ta zo ne da siyasar jam'iyyu. A watan Agusta na 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta, wadda ta fito fili tana sukar mulkin En'e da zaluncin da ake yi wa talakawa. Sarakuna da ma'aikatan En'e kuwa mafi yawansu suna tare da NPC ta Sardauna. A faɗin Arewa, neman izinin taron siyasa yana bi ta hannun En'e, ƴan doka ke tarwatsa taron da aka ce ba shi da izini, alƙalan En'e ke yanke hukunci, gidan yarin En'e ke karɓar wanda aka ɗaure. Ƴan NEPU da yawa sun sha ɗauri da bulala a kan laifuffuka irin su zagin sarki ko taro ba izini. Rundunar da aka gina don tsaron kasuwa da baitulmali ta zama, a idon ƴan adawa, sandar jam'iyya mai mulki.

Nagogo a lokacin ya daɗe da barin ofishin ƴan doka, amma a matsayinsa na sarki shi ne kan hukumar da rundunar ke yi wa aiki a Katsina. Masu yabonsa suna tuna shi da son ilimi da sauƙin kai da iya zama da kowane irin mutum. Waɗanda suka yi adawa da tsarin En'e kuma suna tuna cewa kyawun halin sarki bai canza yadda aka gina tsarin ba, domin babu wata hukuma a waje da fada da talaka zai kai ƙarar ɗan doka gare ta ya yi tsammanin nasara.

Ƙarshen ƴan doka

A ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka yi juyin mulki a Najeriya, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Wanda aka naɗa gwamnan soja na Jihar Arewa shi ne Manjo Hassan Usman Katsina, ɗan Nagogo na cikinsa. A ƙarƙashin mulkin soja ne aka yanke shawarar raba sarakuna da kotuna da gidajen yari da ƴan doka. A 1967 aka raba Arewa jihohi shida, Katsina ta faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedkwata a Kaduna. Daga 1968 kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnati, aka kuma shiga haɗe ƴan doka cikin rundunar ƴan sandan Najeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage na ikon En'e.

Ke nan Nagogo ya ga farkon rundunar yana saurayi, ya ga ƙarshenta yana dattijo. Bai yi fito-na-fito da sabon tsarin ba. Ya ci gaba da sarauta a matsayin uban ƙasa, mai sasanci da ba da shawara, har Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 1981. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi, bayansa kuma jikansa Abdulmumini Kabir Usman ya hau a 2008. Gidan da Dikko ya kafa a 1906 yana kan gadon har yau.

Tambayar da ba ta mutu ba

Fiye da shekara 50 bayan rushe ƴan doka, yankin da Nagogo ya taɓa tsarewa yana fama da ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Matsalar ba ta tsaya a Jibiya da Batsari ba, ta tsallako har Madarunfa da Gidan Runji a jihar Maraɗi, inda dubban ƴan gudun hijira daga Najeriya suka samu mafaka. A Najeriya ana ta muhawara kan ko a bai wa jihohi damar kafa ƴan sandansu, kuma a 2023 gwamnatin jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma da aka ɗebo daga ƴan yankunan da abin ya shafa. Hujjar masu goyon baya ita ce wadda aka kafa a 1929: ɗan gari ya fi baƙo sanin daji da sanin mutane. Hujjar masu tsoro kuma ita ce ta shekarun 1950, cewa runduna da ke hannun mai mulkin wuri tana iya juyawa kan abokan hamayyarsa.

A Nijar mun gaji ɗaya tsarin, na ƴan sanda da jandarma da gardi waɗanda umarninsu ke fitowa daga Yamai, dogarai kuma suka rage a fada suna rakiyar sarki ranar sallah. Amma a ƙauyukan kan iyaka, idan dare ya yi, sau da yawa mai gari da matasan gari ne ke fara jin motsi kafin labari ya kai bariki, kuma maganar ƴan sa-kai tana tasowa a duk lokacin da aka kai hari. Duk wanda zai yanke shawara a kan wannan, a Katsina ko Maraɗi ko Damagaram, zai amfana da duba shekarun Usman Nagogo. Tsarin da ya shugabanta ya samar da tsaro da arha da sanin gari, abin da ya rasa shi ne wurin da talaka zai kai ƙarar mai tsaron nasa.